Akwatin 'Yar Sansani

Yau za mu tsallaka teku mu leƙa wani ɗaki a unguwar Bronx ta birnin New York, inda wata uwa ta zauna dirshan a ƙasa, ta yi tagumi, ga buɗaɗɗen akwati a gabanta, ta rasa ta ina za ta fara. Uwar nan ƙanwata ce, ciki ɗaya, kuma a gabana aka yi, don na kai musu ziyara a ƙarshen watan Yuni. Ɗiyarta 'yar shekara 10 za ta tafi sansanin hutu na mako biyu, yarinyar da tun da aka haife ta ba ta taɓa kwana a inda ba ta jin motsin mahaifiyarta ba.

Ga wanda bai san wannan al'ada ba, a Amurka makarantu kan rufe tun daga watan Yuni, a New York kuwa sai farkon Satumba ake komawa. A cikin wannan dogon hutu na bazara ne iyaye da yawa ke tura yara daji, galibi bakin tafki ko gindin tsauni, su kwana a ɗakunan katako tare da sa'o'insu, su koyi iyo, da tuƙin kwalekwale, da hura wuta, da zama da mutane. Abin ya daɗe. A shekarar 1861 wani malamin makaranta a jihar Connecticut mai suna Frederick Gunn ya kwashi ɗalibansa suka taka a ƙasa har bakin teku, suka kafa tanti suka yi mako biyu, kuma daga wannan tafiya ake ƙirga mafarin al'adar. A 1877 kuma wani limamin coci, Willard Parsons, ya roƙi mabiyansa a wani ƙauyen Pennsylvania su karɓi 'ya'yan talakawan New York su sha iskar karkara. Daga nan aka sami asusun Fresh Air Fund, wanda har yau yake kai yaran birnin sansani kyauta. Don haka ba 'ya'yan masu hali kaɗai ke zuwa ba. 'Ya'yan direbobin tasi da masu kitso, har da na Hausawanmu na Gana da Nijar da Najeriya da ke Bronx da Harlem, suna cikin masu hawa motar sansani.

To, mu koma ga akwati. Hukumar sansanin ta aiko da takarda mai ɗauke da jerin abin da za a kawo da wanda ba a so a gani. Ƙanwata ta karanta, ta ture ta gefe, ta ce da ni: "Yaya, ni da na yi makarantar kwana shekara shida za a koya wa haɗa kaya?" Gaskiyarta, ta yi. Ni ma na yi. Har yanzu ina jin ƙarar akwatin ƙarfen nan da kwaɗonsa, da sunana da aka rangaɗa da farin fenti, da bokiti, da garin kwaki, da sukari, da madarar gwangwani, da ƙuliƙulin da mahaifiyarmu ta kwana tana soyawa. A wurinmu, yawan guzuri shi ne ma'aunin ƙauna. Wannan ma'aunin ne ƙanwata ta taho da shi Amurka, kuma shi ne abu na farko da takardar ta rushe.

Babu abinci. Ko ƙwaya. Ta riga ta tanadi kilishi, da dambun nama, da ƙuliƙuli, da 'yar robar yaji, duk na kawo mata su daga gida tsaraba. Ta so ta tura ƙullin kilishi cikin safa, na hana ta, kuma ina roƙon duk mai saurarona da ke can kada ya yi. Dalili biyu ne. Abinci a ɗakin katako yana gayyato ɓeraye da tururuwa da manyan dabbobin dawa. Na biyun ya fi nauyi: akwai yaran da jikinsu ba ya jituwa da gyaɗa sam, har ta kai ɗan kaɗan ya isa ya kumbura musu maƙogwaro, numfashi ya tsaya, sai an yi gaggawar caka musu allura. Kilishinmu da tunkuza ake tsoma shi. Yajinmu da ƙuliƙuli ake daka shi. Abin da uwa ta ƙulle da ƙauna yana iya zama ajalin ɗan wata uwar a gadon da ke kusa. Da na faɗi haka ta yi shiru, ta mayar da ledar kicin. Abin da ya fi amfani shi ne a rubuta a takardar rajista cewa yarinya ba ta cin naman alade, a kuma buga waya a tambayi mai kula da girki ko suna da naman halal, in babu a sa ta cikin masu cin kifi da ƙwai da ganye.

Maganar tufafi ba ta da tsawo. A kai tsofaffi, waɗanda in sun yage ko sun ɓata ba za a yi kuka ba. Safa da kamfai a ƙara a kan lissafi. Tawul biyu, ɗaya na wanka ɗaya na tafki. Takalmi sau-ciki wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, don sabon takalmi a hawan dutse bororo yake sawa. Silifas na banɗaki, rigar ruwa, gorar ruwa, tocila da batir na ko-ta-kwana. Da rigar sanyi, ko da kuwa ana zufa a birni, domin a tsaunukan Catskill da ke arewa da New York dare kan yi sanyi ko a tsakiyar Yuli. Sannan a rubuta suna a jikin komai, har buroshi, har ƙafar safa ɗaya-ɗaya. A nan dai farin fentin zamaninmu bai tsufa ba, alƙalamin da ba ya gogewa kawai ya gaje shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kaska. Mu mun san ta a jikin shanu da karnuka, ƙatuwa, ana ganinta daga nesa. Ta dazukan arewa maso gabashin Amurka babbarta ba ta wuce ƙwayar riɗi ba, ƙanananta kuwa sai an ƙura ido, kuma ita ce ke ɗauke da cutar da ake kira Lyme. Sunan wani gari ne a Connecticut, inda a 1975 aka lura yara da yawa suna fama da kumburin gaɓoɓi. Cutar kan fara da zazzaɓi da kasala, sau da yawa da wani tabo mai faɗaɗa kamar zobe, kuma a baƙar fata tabon ba ya fitowa ja ƙarara, yana iya shigewa ba a lura ba. Yawanci sai kaskar ta wuce kwana guda a manne kafin ta zuba cutar, shi ya sa duba jiki kowane dare yake da muhimmanci. Muka saka wa yarinyar dogon wando mai haske, da doguwar safa da za ta cusa ƙafar wandon ciki, da maganin shafawa na ƙwari. Amma abin da ya fi su duka, uwar ta zaunar da ita ta nuna mata inda za ta riƙa dubawa: bayan kunne, ƙeya, hammata, ƙugu, bayan gwiwa. In ta gani, kada ta murje da farce, ta tafi wurin nas ɗin sansanin.

Nas ɗin nan ita ce ke riƙe duk wani magani, a cikin kwalinsa na asali da takardar likita, ba a ƙulle a leda ba. Kuma a nan ina da magana da iyayenmu. Muna da ɗabi'ar ɓoye lalurar yaro, wai kada a yi masa gori ko a ƙi karɓarsa. Asma, farfaɗiya, fitsarin kwance, sikila, duk a rubuta. Mai sikila, ruwan tafki mai sanyi da ƙishirwa suna iya tayar masa da ciwo, kuma wanda bai sani ba ba zai kiyaye ba. Akwai ma sansanonin da aka gina don irin waɗannan yara, kamar wanda ɗan wasan fim Paul Newman ya kafa a Connecticut a 1988, inda masu sikila da masu sankara ke zuwa kyauta, ga likitoci a kusa.

Sai salla. Yarinyar da kanta ta naɗe 'yar dardumarta da hijabai biyu, ta ɗauko 'yar ƙaramar buta ta roba. Ta dube ni ta ce: "Kawu, in babu waya, ta yaya zan gane gabas?" Tambayar ta yi mini daɗi ƙwarai. Mu a ƙasar Hausa alƙibla da gabas sun zama kalma ɗaya a bakinmu, amma daga New York alƙibla arewa maso gabas take. Na saya mata ɗan kamfas, muka gwada a falo har ta iya. Uwar kuma ta rubuta mata lokutan salla a kati, domin a Yuli rana ba ta faɗuwa a can sai wajen takwas da rabi na dare, alfijir kuwa tun wajen ƙarfe huɗu ya keto. Kwana biyu kafin tafiya aka yi mata ƙananan kitso da za su kai mako biyu, aka saka man kaɗe da hular iyo.

Waya kuwa, ba a yarda da ita ba, kamar yadda yake a yawancin sansanonin kwana. Wannan ne ya fi ƙona ran ƙanwata. Na ji ta tana shirin ce wa yarinyar: in kin ji ba za ki iya ba, ki sa a kira ni, zan zo in ɗauke ki. Duk uwa za ta so ta faɗi haka. Amma masana biyu, Christopher Thurber da Edward Walton, a wani rahoto da ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta wallafa a 2007 kan kewar gida, sun ja kunnen iyaye a kan wannan alkawari musamman. Yaron da aka yi wa shi yana jin cewa uwarsa ma ba ta yarda zai iya ba, sai ya zauna yana jiran mota maimakon ya nemi aboki. Sun ce kewa aba ce da kusan kowane yaro ke ji, kuma gara a faɗa masa tun a gida cewa za ta zo, a gwada masa kwana a gidan dangi kafin lokacin, a sa hannunsa cikin shiri. Ni ma na shaida, don na san daren farko a makarantar kwana, na san yadda ake cusa fuska a matashi kada na kusa ya ji.

Saboda haka aka canza maganar. Uwar ta ce mata: "Za ki yi kewata, ni ma zan yi taki. In ta taso miki, ki faɗa wa antin ɗakinku, sannan ki rubuto mini." Aka saka ambulan shida, kowanne da adireshi da kan sarki a manne. Aka saka hoton gida, da wani tsohon ɗankwalin uwar wanda ƙamshin turarenta ya kama.

Daren ƙarshe ne ƙanwata ta yi abin da ya fi ba ta wuya. Ta riga ta jera komai tsaf, gwanin sha'awa. Sai ta zazzage akwatin a kan gado, ta koma bakin ƙofa ta harɗe hannu, ta ce wa yarinyar ta haɗa da kanta. Haɗin bai yi kyau ba, riguna sun cukurkuɗe, sai da ta hau kan murfin kafin zif ya ja. Ina ganin yatsun uwar suna motsi, tana son ta gyara, ta daure. Amma da aka kashe fitila aka ce ta ciro tocila, hannu ɗaya ta zura ta ciro ta. Aka ce rigar ruwa, ta ciro. Aka ce ta ja akwatin zuwa bakin lif, ta ja, bai fi ƙarfinta ba.

Da safe muka raka ta inda motocin ke lodi. Uwar ta dafa kanta ta yi mata addu'a, ta ce Allah ya tsare, ya kai lafiya ya dawo da ke lafiya. Hawayen sai da mota ta sha kwana suka zubo.

Kwana biyar bayan nan ambulan na farko ya iso. Layi huɗu ne. Ta ce ta yi kuka daren farko, ta ce an gwada iyonta an sa ta a rukunin masu koyo, ta ce ta yi ƙawa da ke kwana a gadon sama. A ƙasa ta ƙara da cewa: Umma, ƙafar safata ɗaya ta ɓata, amma an tsinto an kawo mini, saboda akwai sunana a jiki.