Ƙaraf-ƙaraf da Jinkirin Murya a Sutudiyon Gida

Mawaƙi ya sa hedifon, kiɗa ya tashi, ya ja baitin farko. Sai ya ji muryarsa tana biyo shi a baya kamar ɗan amshin da ya makara. Ya sake gwadawa, harshe ya sarƙe, ya fita daga kiɗa. Mai haɗa sauti ya taɓa wani wuri a kwamfuta, jinkirin ya tafi, amma sai ga ƙaraf-ƙaraf a cikin sautin kamar ana taka busasshen ganye. Duk wanda ya taɓa zama a ƙananan sutudiyon Kano ko Kaduna, ko ya gwada ɗaukar karatu a ɗakinsa, ya san wannan ciwon kai. Abin takaici, da yawa sukan ɗora laifin kan makirufo su sayo sabo, alhali cutar tana cikin saiti.

Matsalolin biyu uwarsu ɗaya. Kwamfuta tana yanka sauti gutsure-gutsure, 44,100 ko 48,000 a kowace daƙiƙa, sannan ta riƙa kwasarsu a tare cikin wani ma'auni da ake kira bafa. A ɗauke shi kamar kwanon sarki a hannun lebura ranar zuba dakin. Idan kwanon babba ne, sai an jira ya cika kafin a ɗauka, shi ne jinkirin. Idan ƙarami ne, kaya na isa da wuri, amma zirga-zirgar ta yi yawa, kuma da zarar leburan ya yi tuntuɓe sau ɗaya, magini ya miƙa hannu bai samu komai ba. Wannan giɓin shi kunne ke ji a matsayin ƙaraf.

Lissafin ba shi da wuya. Bafa mai gutsure 128 a kan 48,000 tana cika cikin milisakan 2.7, wato ƙasa da kashi uku cikin dubu na daƙiƙa. Mai 1,024 kuwa tana cin milisakan 21, kuma tunda murya za ta shiga ta sake fitowa, jinkirin ya haura 40. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, saboda haka mawaƙin yana jin kansa kamar daga lasifikar da aka ajiye a nisan mita 14. Ina wanda zai riƙe kiɗa a haka?

Dabarar ƙwararru ita ce sauya bafar gwargwadon aiki: 128 ko 256 lokacin ɗaukar murya, 1,024 lokacin tace waƙa, inda jinkiri ba ya cutar da kowa. A FL Studio, manhajar kamfanin Image-Line na Beljiyam da matasa da dama suka fara koyon kiɗa da ita, wurin yana cikin saitin sauti. A nan ne kuma ake zaɓar direba, wato manhajar da ke haɗa kwamfuta da na'urar sauti. Mai Windows ya nemi ASIO, tsarin da kamfanin Steinberg na Jamus ya ƙirƙira don sauti ya wuce kai tsaye zuwa na'ura. Direban da ya zo da akwatin sautin mutum, wato na'urar da ke haɗa makirufo da hedifon da kwamfuta, ya fi ASIO4ALL, wanda maleji ne ga marar akwati. Masu Mac ba su da wannan wahalar, tsarin sautinsu, Core Audio, na ciki.

Akwai ma hanyar da ta fi sauƙi. Akwatunan sauti irin Focusrite Scarlett suna da maɓallin sauraro kai tsaye, wanda ke mayar da murya zuwa hedifon tun kafin ta shiga kwamfuta. Sai dai mawaƙin da ya saba jin kansa cikin manhajar gyara murya ta Auto-Tune, kuma a waƙoƙin fina-finan Hausa irinsu suna da yawa, zai ji muryarsa tsurarta. Shi dole ya bi ta kwamfuta, da ƙaramar bafa, a kashe duk kayan tace sauti masu nauyi har a gama ɗauka. Hedifon na Bluetooth kuwa a ajiye shi gefe, jinkirinsa kan wuce milisakan 100.

Idan an ɗaga bafa ƙaraf ɗin bai daina ba, wani abu ne ke tare wa kwamfutar hanya. A kashe Wi-Fi, a cire tsarin tattalin batir, a soka akwatin sauti a jikin kwamfutar ba ta mahaɗar USB mai baki da yawa ba. Manhajar LatencyMon tana nuna direban da ke jawo cikas a Windows. Zafin Maris da Afrilu ma yana da hannu: laftof ɗin da ƙurar hunturu ta toshe wa fanka yakan rage gudu don kada ya ƙone, sai waƙar da ta tafi lafiya da safe ta fara yankewa da azahar.

Ba kowace ƙara ce daga bafa ba. Gunji mai kauri da ba ya yankewa yawanci daga wuta yake, domin lantarkin Najeriya da Nijar na kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. A zare cajar laftof, idan gunjin ya ɗauke an gano ɓarawon. Murya mai fashewa idan an ɗaga ta kuwa ƙarfin makirufo ne ya yi yawa, kuma abin da ya fashe a ɗauka ba ya gyaruwa yadda ya kamata a tacewa.

Mai sutudiyo ya riƙa canza abu ɗaya tak a lokaci guda, ya ɗauki daƙiƙa talatin, ya saurara, ya rubuta abin da ya ji, kafin ya kai kuɗinsa kasuwa.