Gona Biyu, Damina Ɗaya: Yaushe Ake Ninka Yiwuwa?

Manoman yankin Dudunni, a ƙasar Kankiya da Kusada, sun daɗe da dabarar rarraba gonaki, wannan a gabas da gari, waccan a yamma, domin idan ɗaya ta ƙi, ɗaya ta ba da abin sa wa a rumbu. A cikin wannan dabara akwai wata tambaya ta lissafin yiwuwa da ɗalibai kan yi tuntuɓe da ita.

Idan aka wurga kwabo sau biyu, abin da ya fito da farko ba ruwansa da na biyu. Saboda haka yiwuwar fuska ta fito duk sau biyun ita ce 1/2 × 1/2, wato 1/4. Abubuwan da ba ruwan ɗaya da ɗaya kaɗai ake ninka wa yiwuwa ta wannan hanya.

To, mu ƙaddara kowace gonar manomi takan ƙi shekara ɗaya cikin biyar. Ɗalibi mai gaggawa zai ninka 1/5 da 1/5, ya ce sai shekara ɗaya cikin 25 dukansu za su ƙi tare. Magidancin da ya dogara da wannan lissafi, ya sayar da ajiyar hatsinsa, ya shiga haɗari. Gaskiya ne ruwan shuka yakan sauka a wani ƙauye ya tsallake maƙwabcinsa, amma farin 1973 da na 1984 bai bambanta gonar gabas da ta yamma ba. Damina ɗaya ce ke shayar da su.

Yaya za a gane? A duba ko sanin abu na farko ya sauya yiwuwar na biyu. A ce an rubuta amfanin gonakin na shekara 20, kowace ta ƙi sau 4. Da ba ruwansu da juna, abin da ake tsammani shi ne 20 × 1/25, ƙasa da sau ɗaya ke nan. Idan aka tarar sun ƙi tare sau 3, yiwuwar ta biyu ta tashi daga 1/5 zuwa 3/4 duk shekarar da ta farko ta ƙi. A ɗaure suke.

Cuta kuwa nata sha'anin daban ne. A 1975 cutar rozet, wadda wasu ƙananan ƙwari ke yaɗawa, ta halaka gyaɗa a Arewa, amma ba ta kama gero. Wanda ya haɗa gero da gyaɗa ya raba haɗarin cuta, na fari kuwa yana nan, sai fa in yana da fadama mai rijiya.