YAKIMOF: GARIN DA AKA HAIFI DALA

Kowa ya san kalmar dala. A Nijeriya muna kiran kuɗin Amurka da ita, a Nijar kuwa tamma biyar ake nufi. Amma mutum nawa ne daga cikinmu suka san cewa asalin kalmar daga wani ɗan ƙaramin gari ne a tsakiyar Turai? Sunan garin Yakimof, masu shi suna rubuta shi Jáchymov, yana cikin Jamhuriyar Cek.

Inda garin yake

Yakimof yana arewa maso yammacin ƙasar, dab da iyakar Jamus, kimanin kilomita 20 arewa da birnin Karlobi Bari. An gina shi cikin wani kwari mai zurfi, shi ya sa gidajensa suka jeru a dogon layi, tudu dama da hagu. Tsaunukan da ke kewaye da shi ana kiransu Tsaunukan Ma'adinai, kuma mafi tsawonsu, Kilinobets, mai mita 1,244, yana kusa da garin. Wuri ne mai tsananin sanyi, dusar ƙanƙara takan rufe shi watanni, ƙasar kuma ba ta da daɗin noma. Abin da ya tara mutane a nan yana ƙarƙashin ƙasa ne.

Zamanin azurfa

A shekarar 1516 aka gano azurfa mai yawa a kwarin. Wani basarake mai suna Stefan Shilik ya kafa gari, aka sa masa suna da Jamusanci Yowakimstal, wato Kwarin Yowakim. Nan da nan mahaƙa suka yi ta kwararowa, galibi daga Jamus. Kafin shekara ashirin mazauna garin sun kai wajen 18,000, ya zama na biyu a girma a ƙasar Bohimiya, bayan Firag, babban birni.

Wajen 1520 gidan Shilik suka fara buga manyan sulallan azurfa, kowanne mai nauyin kusan giram 29. Mutane suka kira su yowakimstala, da sunan ya yi musu tsawo sai suka taƙaita shi zuwa tala. Saboda kyan azurfar, wasu ƙasashe suka kwaikwayi kuɗin har da sunan. Mutanen Holan suka ce dalda, daga nan Turawan Ingila suka samo tasu kalmar, wadda Amurka ta sa wa kuɗinta a dokar 1792. Tala ta sarauniyar Ostiriya, Mariya Tereza, mai ɗauke da shekarar 1780, ita ce fatake suka shigo da ita ƙasar Hausa, kakanninmu suka yi ciniki da ita, mata kuma suka yi ado da ita.

Arziki ya jawo ilimi. Likitan garin daga 1527, Jojiyas Agirikola, ya zauna da mahaƙa yana lura da aikinsu da cututtukansu, kuma littafinsa kan haƙar ma'adinai da ya fito a 1556 ya yi kusan shekara 200 ana dogara da shi. An gina makaranta da babbar majami'a ta mabiya Luta.

Amma duniya rawar 'yan mata ce. Kafin ƙarshen ƙarnin azurfa ta ragu. Yaƙin Shekara Talatin, daga 1618 zuwa 1648, ya ragargaza yankin, aka kuma tilasta wa mabiya Luta su bar ɗarikarsu ko su bar ƙasar. Da yawa suka ƙetara iyaka, gari ya koma kamar ƙauye.

Baƙin dutse

Akwai wani baƙin dutse mai nauyi da mahaƙa suke zubarwa, domin in ya bayyana alama ce azurfa ta ƙare. Ashe yuraniyom ne a cikinsa, irin wanda ake haƙa a Arlit ta Nijar. A tsakiyar ƙarni na 19 aka buɗe masana'anta a garin, ana sarrafa shi don rina gilashi da tangaran. Daga dusar wannan masana'anta ne Mari Kuri da mijinta Piyer suka gano radiyom a 1898 a birnin Paris. A 1906 aka buɗe gidan jinya inda masu ciwon gaɓɓai ke wanka da ruwan da ke fitowa daga ramukan, mai ɗauke da iskar radon. Abin mamaki, wannan iska ita ce ta daɗe tana kashe mahaƙa da sankarar huhu, domin su shaƙarta suke yi kullum a cikin rami.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka kori Jamusawan garin. Tarayyar Sobiyet tana neman yuraniyom don ƙera bam, sai gwamnatin kwaminis ta Cekosulobakiya ta kafa sansanonin aikin dole a kewayen garin daga 1949 zuwa 1961. Dubban fursunoni, har da malamai, ɗalibai da limaman coci waɗanda laifinsu kawai saɓa wa gwamnati ne, suka yi aiki a ramukan babu kayan kariya. An daina haƙar a farkon shekarun 1960.

Garin a yau

Mazauna Yakimof ba su kai 3,000 ba yanzu, kuma baƙi masu zuwa jinya da wasan dusar ƙanƙara ne abin dogaronsu. A 2019 hukumar UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya.

'Yan'uwa ɗalibai, ƙasarmu ma da fetur da kuza da kwal take tinƙaho. Tarihin Yakimof ya nuna cewa ma'adini yakan ƙare, kuma wanda ya shiga rami ba lalle ne shi ke cin ribar ba. Ya kamata mu riƙa tambaya tun yanzu: wa ke amfana da abin da ake haƙowa, kuma me za a bar wa garin ranar da rami ya bushe?