Shekarar Da Aka Rufe Iyaka: Yadda Fataken Garwa Suka Ga Korona

'Yan'uwa fatake, dattawanmu sun ga bushiya a 1983, sun ga karyewar sefa a Janairun 1994. Amma ba mu taɓa jin sun ba da labarin shekarar da dabba ke lafiya lau, mai ita ne aka hana motsi ba, sai da 2020 ta zo.

Tun kafin cutar ma hanya ba daɗi, don Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019. Ana cikin wannan sai aka samu mutum na farko mai korona a Yawunde ran 6 ga Maris 2020. Ran 17 ga wata Firayim Minista Joseph Dion Ngute ya karanto dokoki 13, washegari suka fara aiki. An rufe iyaka ta ƙasa da ta ruwa da ta sama, an rufe makarantu, an hana taron da ya wuce mutum 50, mashaya da gidajen abinci su rufe ƙarfe 6 na yamma. Daga 13 ga Afrilu kuma takunkumi ya zama dole. Lamiɗon Garwa na lokacin, marigayi Alim Hayatou, shi ne ƙaramin sakataren gwamnati mai kula da yaƙi da annoba a ma'aikatar lafiya.

A gaskiya Kamaru ba ta kulle mutane cikin gida ba kamar yadda aka yi a Ikko da Abuja daga 30 ga Maris, da Kano a tsakiyar Afrilu. A Garwa ana fita, ana cefane, 'yan acaɓa na aiki. To, amma ina amfanin buɗaɗɗiyar kara in mai saye yana bayan shinge? Sanin kowa ne shanun da ke shigowa daga Cadi su sauka Adumri, yawancinsu Mubi da Yola suka nufa, daga can tirela ta kwashe su zuwa kudu. Cadi ta rufe nata gefen, Nijeriya ta hana zirga-zirga tsakanin jihohi har 1 ga Yuli. Ko da yake an ce kayan abinci da dabbobi su wuce, direba bai san shinge nawa zai tarar ba, kuma kowane shinge da nasa lissafin.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne lokacin da abin ya faɗo. Maris da Afrilu tsakiyar zafi ne, ciyawa ta ƙare, sai harawa da dusa da ƙulin auduga na Sodecoton, duk da kuɗi. Buhun masara in ka ajiye shi zai jira ka. Sa kuwa kullum sai ya ci, in bai ci ba ya rame, ko ta ina dai uwar kuɗi ce ke zagwanyewa. Ga naira ta faɗi: a Maris ɗin nan Babban Bankin Nijeriya ya mai da dala daga naira 306 zuwa 360. Wanda ya sayi shanu da sefa ya ba da su bashi da naira, kafin a biya shi ribar ta tafi.

Masu jari sun ji jiki, amma 'yan ƙasa da su sun fi ji. Dillali da la'ada yake cin abinci. Ɗan kora sai an tashi garke ake biyansa. Fatoma sai baƙo ya sauka. Haka mai tuwo da mai shayin bakin kara. A haka azumi ya kama a ƙarshen Afrilu, aka yi salla ƙarama ran 24 ga Mayu, yara na gida ba makaranta, tukunya ba ta san doka ba. Hajji ma bai yiwu ba ga na waje a shekarar.

Ciniki kansa ya sake kama. Mu da ba ma sallamawa sai an tafa hannu, aka ce a daina musafaha. Sai aka koma ɗaukar hoton sa a aika ta WhatsApp, a yi tayi ta waya, a ce albarka ta waya, kuɗi su biyo ta Orange Money ko ta hannun amintacce. A nan aka gane wa ke da amana. Wasu sun biya bashinsu ko da kaɗan-kaɗan, wasu kuwa sun fake da korona sun kashe waya.

Ran 30 ga Afrilu gwamnatin Kamaru ta sassauta wasu dokokin, Nijeriya kuma ta fara buɗe iyaka ran 16 ga Disamba 2020, da Seme da Illela da Maigatari da Mfum. Namu ɓangaren bai shiga sahun farko ba.

Don haka muna jan hankalin 'yan'uwa. Duk bashin shanu a rubuta shi gaban shaidu, a faɗi ko da sefa za a biya ko da naira. Kada mutum ya zuba jarinsa duka a garke ɗaya ana gab da bazara. A riƙe hanyar kudu ta Ngaundare da Yawunde ko da ribarta ba ta kai ba. Kuma kowace kara ta ajiye asusun taimakon 'yan kora da dillalai, don ran wanka ba a ɓoyon cibi.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya kiyashe mu da sake ganin irinta, amin.