Tsadar masara: Yadda sinadaran enzayim ke taimaka wa aladu cin moriyar dusa

Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati gudanar da kasuwanci na ƙashin kansa, amma ya keɓe noma. Ta wannan ƙofa ce ma'aikata da dama a Abuja suka shiga kiwo, wasunsu kuma suka zaɓi kiwon aladu. Abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya shi ne abinci, wanda ke lashe kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin kiwon.

Duk lokacin da masara da waken suya suka yi tsada, makiyaya kan koma ga dusar alkama, dusar shinkafa, busasshen ɓawon rogo, dusar kamfanonin giya da tunkuzar ƙwarar manja, wadda ake kira PKC a kasuwa. Suna da araha, sai dai duk cike suke da fiba, wato sashen tsiro mai tauri da zare-zare.

Saniya tana tuƙa, kuma ƙwayoyin halittar da ke tumbinta suna narkar mata da fiba. Alade kuwa cikinsa ɗaya ne kamar na mutum, kuma jikinsa ba ya samar da sinadaran da ke farfasa ta. Saboda haka fibar kan kulle sitaci da furotin da mai a cikin bangonta, su wuce ƙaramin hanji ba tare da jiki ya tsotse su ba. Sai a babban hanji ƙwayoyin halitta ke ruɓar da wani sashe, a sami ɗan ƙarfi, saura ya fita a kashi. Alade mai tasowa ya fi babbar uwa cutuwa da wannan, domin hanjinsa bai gama ƙwari ba.

A nan ne enzayim ke shigowa. Sinadarai ne da ake samarwa daga wasu nau'o'in funfuna da bakteriya, a sayar da su gari ko ruwa, a zuba ɗan kaɗan cikin tan guda na abinci. Aikinsu shi ne datse dogayen zarurrukan fibar domin abin da ke ɓoye ya fito.

Sai dai kowane enzayim da fibar da yake iya farfasawa. Wanda aka rubuta xylanase a jikin buhunsa ya dace da dusar alkama da ta shinkafa. Tunkuzar ƙwarar manja tana buƙatar mannanase. Shi kuwa phytase ba fiba yake narkarwa ba. Fosfaras yake sakewa daga hatsi domin ƙarfin ƙashi. Wanda ya sayi enzayim bai duba irin dusar da yake bayarwa ba, ya yi asarar kuɗinsa.

Akwai kuma iyaka. Amfanin waɗannan sinadarai ya fi bayyana a kaji. A aladu sakamakon yakan bambanta gwargwadon shekarun dabba da haɗin abinci. Ba sa kawar da gubar ɗanyen ɓawon rogo, dole a shanya shi ya bushe sarai. Ba sa gyara dusar da ta yi funfuna, ba sa cike gurbin furotin. Zafi da danshi suna rage ƙarfinsu, don haka a ajiye su a inuwa, a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Wajen haɗi, a fara cuɗa su da dusa kaɗan kafin a juye cikin sauran, domin su ratsa ko'ina.

Ga ma'aikacin da sai ƙarshen mako yake leƙa gonarsa, sikeli ne alƙali. Ya raba aladu masu girma ɗaya gida biyu, ya ba su abinci iri ɗaya, ya sa wa rukuni ɗaya enzayim. Bayan mako shida ya auna su, ya lissafa nairar da kowane kilo na ƙarin nauyi ya ci a kowane rukuni, har da kuɗin sinadarin. Lissafin nan ne zai faɗa masa ko ya ci gaba da saye ko ya bari.