Kyanwar Ƙarƙashin Rumbu: Ma'aikaciyar Da Muke Kora Ranar Da Ta Fi Buƙatarmu

A hunturun bara, da jami'a ta ba da hutu, na je gida Tsiga ta Ƙaramar Hukumar Bakori domin in gaida mahaifiyata, in kuma ga abin da aka samu a gona. Washegari da hantsi na tarar da 'ya'yan ƙanena biyu a gindin rumbu, ɗaya riƙe da tsohon buhun taki, ɗaya da kara yana zungurar ƙarƙashin rumbun. Na tambaye su abin da suke nema. Babban ya ce, "Baffa, kyanwar nan ce. Ta cinye ɗan tsako jiya, shi ne aka ce mu kai ta bayan gari mu yar." Na durƙusa na leƙa tsakanin duwatsun da rumbun ke zaune a kai. Tana kwance a can ƙurya, ƙasusuwan bayanta duk a waje, cikinta kuwa ya yi nauyi har yana neman jan ƙasa.

Ana cikin haka Inna ta fito daga ɗaki. Da yake ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana, sai ta dube ni ta ce, "Kai, hana su. Shekara biyu ke nan ɓera bai huda mini buhu ba a ɗakin ajiya. Su a zatonsu wa ke gadin?" Yaran suka ajiye buhu suka watse. Ni kuwa tambayar ta zauna mini a rai, domin na san a gidaje da yawa na ƙasar Funtuwa da Malumfashi babu wata Inna da za ta fito ta hana, kuma buhun yakan kai bayan gari.

Yankinmu yankin hatsi ne. Daga Bakori zuwa Ɗanja, daga Ƙafur zuwa Ɗandume, masara da dawa da waken suya da shinkafa su ne arzikin talaka, kuma abin da ya ajiye bayan kaka shi ne abincinsa, shi ne kuɗin makarantar yara, shi ne na asibiti. Duk inda aka tara hatsi, ɓera zai zo. Abin da ya ci ma bai kai abin da ya ɓata ba, domin yana huda buhu, yana kashi da fitsari a cikin tsaba. Wannan fitsari da kashi su ne hanyar zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a shekarar 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yau, wadda wani nau'in ɓera mai yawan nonuwa ke ɗauke da ita, kuma ta fi tashi da rani. A cikin shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke bayarwa na kauce wa cutar, bayan rufe abinci a mazubin da ɓera ba ya iya shiga da nisanta shara daga gida, har da ajiye kyanwa.

Zaman kyanwa da manomi kuwa tsohon zama ne. Masana sun nuna cewa asalinta kyanwar daji ce da ta matso kusa da mutane a Gabas ta Tsakiya kimanin shekara 10,000 da suka wuce, lokacin da suka fara noma da ajiyar hatsi. Hatsi ya kira ɓera, ɓera ya kira kyanwa. A shekarar 2004 masu binciken kayan tarihi suka sanar da gano wani kabari a tsibirin Saifurus, mai kimanin shekara 9,500, inda aka binne mutum da kyanwa a gefensa. Ke nan tun kafin doki ya san linzami ake wannan ƙawance: ita ta tsare rumbu, mu mu ba ta wurin kwana. Mu dai muna karɓar namu rabon har gobe. Nata rabon ne muke hana ta, musamman a makonnin ciki da goyo, lokacin da yunwarta ke ninkuwa, ƙarfinta ke raguwa.

Da na yi waya da wani abokin aikina, likitan dabbobi, abin da ya fara gaya mini shi ne in bar ganin laifinta a kan ɗan tsako. Cikin kyanwa kwana 63 zuwa 65 ne, wato kusan mako tara, kuma takan haifi uku zuwa biyar. A ƙarshen ciki cinta yana ƙaruwa, in ta fara shayarwa kuwa tana buƙatar ninki biyu ko uku na abin da ta saba ci. Kuma ita halittar nama ce. Tuwo da ƙanzon da muke watsa mata suna cika ciki ne kawai, jikinta ba ya samun abin da yake nema a cikinsu, har ma rashin nama na tsawon lokaci yana iya taɓa mata ido da zuciya. Uwar da aka bari da ƙanzo alhali tana ɗauke da 'ya'ya huɗu, in ta ga tsako yana yawo a tsakar gida, me ake so ta yi?

Akwai wata magana da ta yaɗu a cikinmu, wai in ka ƙosar da kyanwa ba za ta kama ɓera ba. Wannan kuskure ne. Farauta ɗabi'arta ce, ƙosasshiya ma tana yi, kuma mai ƙarfin jiki ta fi ramammiya iya tsalle da daƙo. Abin da na yi bai ci mini wani kuɗin kirki ba. Na yi magana da mahaucin unguwa ya riƙa ajiye mana ɗan fince da guntun kayan ciki, a dafa ba gishiri ba yaji. Ranar da babu, a ba ta dafaffen ƙwai ko kan kifi. Aka ajiye mata ruwa a kasko, ana sauyawa kullum. 'Yan tsaki kuma aka riƙa kife su da kwando in uwarsu ba ta kusa. Daga ranar ba a sake rasa tsako ba.

Likitan ya ja mini kunne a kan abubuwa huɗu da muke yi da kyakkyawar niyya su zama ajalinta. Na farko, miyar da ta ji albasa da tafarnuwa, domin suna lalata mata jini. Na biyu, farasitamol. Ƙwayar da muke sha don ciwon kai, guda ɗaya tana iya kashe kyanwa, saboda hantarta ba ta iya sarrafa ta. Na uku, fesa mata maganin ƙwari na gona ko na kare don kashe ƙuma. Na huɗu shi ne wanda ya fi yi mana ɓarna, wato shinkafar ɓera. Ɓeran da ya ci guba ba ya mutuwa nan take, yakan fito yana tangaɗi, shi ne kuma mafi sauƙin kamawa. Kyanwa ta ci shi, gubar ta bi ta. Manomi ya sa magani don ya kashe ɓera goma, ya wayi gari ya kashe wadda ke kashe masa ɓeraye duk shekara. In har za a ajiye kyanwa a gida, to tarko ya fi guba.

Sai batun wurin haihuwa. Idan naƙuda ta matso, kyanwa takan nemi wuri mai duhu, mai ɗumi, wanda ba a yawan wucewa. A hunturu hakan ne ke kai ta cikin tokar murhu, ko tsakiyar tulin kara, ko cikin injin motar da aka ajiye, kuma duk mun san yadda irin waɗannan labaran ke ƙarewa. Na samo kwali, na shimfiɗa tsummokara, na ajiye shi a ƙuryar ɗakin ajiya, na bar ƙofa a ɗan buɗe. Kwana biyu tana shiga tana shinshinawa tana fita. A dare na uku ta haihu a ciki, 'ya'ya huɗu, ba wanda ya taimaka mata. Ita ta yanke cibiya, ita ta lashe su tas. Akasari haka ne, ba ta buƙatar hannun kowa. Amma in aka ga tana ta yunƙuri mai ƙarfi har kusan awa guda ba abin da ya fito, ko jini ya yi yawa, ko wani ruwa mai wari yana fita, to lokacin neman malamin dabbobi ya yi.

A nan ne muka yi kuskuren da har yanzu yake damuna. 'Ya'yan kyanwa ana haifarsu ido a rufe, kunne a toshe, sai bayan kwana 7 zuwa 10 idon ke fara buɗewa. A makonni ukun farko ba sa iya riƙe ɗumin jikinsu, da jikin uwa suke rayuwa, ko fitsari ba sa yi sai ta lashe su. Ban yi wa yaran gidan wannan bayani ba. Murna ta ɗebe su, suka kira abokai, aka riƙa shiga ana ɗagawa ana kallo. Uwar ta ga wurin ya daina zama mafaka, sai ta fara kwashe su a baki cikin dare zuwa ƙarƙashin rumbu. Ta kai uku. Iska ta turo ƙofa ta rufe a kan na huɗun. Da asuba muka same shi a kwali shi kaɗai, sanyi ya gama da shi.

Ƙaramin yaron nan da ya riƙe kara ranar farko, shi ya fi kowa kuka. Ya ce, "Baffa, ni na ɗauke shi jiya, ni na kashe shi?" Na ce masa a'a, laifin nawa ne da ban gaya musu ba. Muka haƙa rami a bayan gida muka rufe shi. Daga ranar shi ya zama mai gadin sauran ukun: ya tare gefen rumbun da zana saboda iska, shi ke kai abinci, shi ke korar karnuka da muzurun maƙwabta.

Ga abin da ya kamata mai kyanwa ya sani game da sauran makonnin. A bar su da uwarsu a farko, ana leƙawa daga nesa. Daga mako na biyu zuwa na bakwai a riƙa taɓa su a hankali, na ɗan lokaci kaɗan, domin a wannan tsakanin ne suke sabawa da mutum, wanda bai saba ba kuwa yakan tashi da tsoro da yakushi. A mako na huɗu sukan fara lasar abinci mai laushi. Kada a ba su madarar shanu ko ta gwangwani a matsayin nono, zawo take sa su. Kada kuma a raba su da uwa kafin mako takwas.

Lafiyar mutanen gida ma tana da nata haƙƙi. Mace mai juna biyu ta nisanci kwashe kashin kyanwa, domin akwai ƙwayar cuta a cikinsa da ke iya cutar da ɗan tayi. Yara su wanke hannu da sabulu bayan wasa da ita. Ɓeran da ta kashe ta bari, a ɗauke shi da shebur a binne, kada a sa hannu. Ciwon haukar kare kuma yana kama kyanwa, don haka daga wata uku ana yi mata rigakafi, kuma duk wanda ta ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, ya garzaya asibiti.

Saura matsalar da ke sa mutane ɗaukar buhu tun farko, wato yawan haihuwa. Kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata biyar ko shida, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, tana ma iya sake ɗauka tana cikin goyo. Ba gidan da zai iya riƙe wannan duka. Maganinsa na dindindin ɗan ƙaramin aiki ne da likitan dabbobi ke yi na tsayar da haihuwa, kuma ana yin sa a Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Sai dai manomin Tsiga ba zai ɗauki kyanwa zuwa Zariya ba. Shi ya sa nake kira ga sassan aikin gona na ƙananan hukumominmu da ofisoshin dabbobi na shiyya da su sa kyanwa a cikin lissafinsu. In an fita rigakafin karnuka, musamman a ranar 28 ga Satumba da duniya ta ware don yaƙi da ciwon haukar kare, a haɗa da kyanwoyi, a kuma ware ko da rana ɗaya ce don wannan aiki a kan farashin da talaka zai iya. Kafin nan, a nema wa 'ya'yan gida tun suna ciki. Masu shagunan hatsi da masu injin niƙa suna nema, tambaya ce kawai ba a yi.

Malamanmu ma suna da rawar takawa. Har yanzu akwai masu ganin baƙar kyanwa su ce aljana ce ko mayya, su sa yara jifa. Alhali kowane ɗan Islamiyya ya san sahabin da aka yi wa laƙabi da Abu Huraira saboda 'yar kyanwarsa, ya kuma ji labarin matar da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wadda aka azabtar saboda ta tsare kyanwa ba ci ba sha har ta mutu. Ɗaure bakin buhu a kan uwa mai ciki a jefar a daji bai yi nisa da wannan ba. Yaron da aka aika ya yi haka kuwa, an koya masa cewa mai rauni abin yarwa ne da zarar ya zama nauyi, kuma darasin ba a kan kyanwa zai tsaya ba.

Da na koma gida hutun Ƙaramar Salla, na tarar an ba mai injin niƙa ɗaya, wani ɗan'uwanmu mai shagon masara a Funtuwa ya ɗauki ɗaya, ta ukun tana nan tare da uwarta. Inna ta buɗe mini ɗakin ajiya, ta nuna mini buhunan da suka rage, ba ko ɗaya da aka huda. Ta ce, "Ka gani? Yanzu masu gadin biyu ne." Kafin wani ya aika yaro da buhu a wannan kakar, ya fara leƙa rumbunsa ya lissafa abin da ake binsa. Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin duk abin da Ya sanya a ƙarƙashin kulawarmu.