Yadda Ake Wanke Katakon Waje da Shafa Masa Mai Don Ya Jure Damina da Hunturu

Yau za mu ɗan ajiye maganar sabbin wayoyi, mu duba abin da muke ɗora su a kai. Duk wanda ya bi titin Kachia daga Kakuri zuwa Sabon Tasha zai ga kes-kes na masu POS da masu cajin waya, da tebura da bencina, kusan duka na katako, suna shan rana da ruwa shekara da shekaru. Wasu wuraren shaƙatawa a Barnawa ma daɓen katako suke yi a waje. Idan katakon kes ya ruɓe ruwa ya shiga, wayoyin mutane da na'urar POS ne a ciki, kuma kai za ka biya.

Ni ma sai da abin ya ci ni na koya. A watan Agustan bara waccan na sa aka yi mini tebur a barandar gidanmu da ke Narayi, inda nake zama da kwamfuta idan ɗaki ya yi zafi. Ranar da aka kawo shi na shafe shi da banish har sau uku, yana ta ƙyalli ina ta jin daɗi. Kafin Janairu banish ɗin ya fara ɓarewa kamar saɓar maciji, da damina ta dawo ƙafa ɗaya ta ruɓe, saura kaɗan kwamfutata ta sha ƙasa. Laifin nawa ne: ɗanyen katako na rufe da mai, a tsakiyar damina. Ingancin aikin nan yana wajen wanki da busarwa da zaɓen lokaci, shafa man shi ne mafi sauƙi.

Me ke kashe katako a Kaduna?

Na farko rana. A cikin haskenta akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, wanda ake kira UV. Shi ke cinye sinadarin lignin, wato ƙaron da ya riƙe zaruruwan katako wuri ɗaya. Shi ya sa bencin da ya daɗe a waje yake komawa ruwan toka, fuskarsa ta yi gashi-gashi.

Na biyu ruwa da bushewa. Kaduna na samun ruwan sama sama da milimita 1,000 a shekara, daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, ya fi yawa a Agusta da Satumba. Katako yana shan ruwan ya kumbura. Hunturu na shigowa iska ta bushe ƙayau, sai ya tsuke. Wannan kumburi da tsukewa na kowace shekara shi ke tsaga shi, ya sassauta ƙusoshi.

Na uku fumfuna da gara. Ƙwayoyin da ke ruɓar da katako suna samun wurin zama ne idan danshinsa ya daɗe sama da kashi 20 cikin 100. Gara kuwa ta ƙasa take hawowa, ta ƙafar da ke zaune a kan turɓaya.

San irin katakonka

Loko da tik suna da juriya ga ruwa da gara, kuma ana shuka tik a gandun dajin Nimbia da ke kudancin jihar nan. Maɗaci yana da dama-dama. Obeche kuwa mara nauyi ne mai sauƙin aiki, amma ba ya jure zaman waje ko kaɗan. Malaina tana da araha, sai dai tana daɗewa ba ta bushe ba, ko da ka ga bayanta a bushe. Kafin ka biya a wajen 'yan katako, tambayi sunan itacen da kuma yaushe aka yanka shi.

Mataki na 1: Zaɓi lokaci da wayarka

Buɗe manhajar hasashen yanayi, ko ta Google, ko AccuWeather, ko Windy. Hukumar NiMet ma tana fitar da hasashe. Abu uku za ka duba: babu ruwa na kwana uku zuwa huɗu a jere, danshin iska ya sauka, zafi kuma bai wuce misali ba. Yawancin kamfanonin man katako suna so a shafa tsakanin digiri 10 zuwa 32.

A nan Kaduna lokaci mafi kyau shi ne ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya ɗauke, ƙurar hunturu ba ta yi ƙarfi ba tukuna. A Disamba da Janairu ƙura tana manne wa ɗanyen mai. A Maris da Afrilu kuma zafi yakan busar da man a sama kafin ya ratsa ciki. Idan dole sai a waɗannan watanni, yi da sassafe a inuwa.

Mataki na 2: Wanki

Share ƙasa da ganye, musamman tsakanin allunan katako inda ruwa ke kwanciya. Buga ƙusoshin da suka taso. Sannan ka ɗauki sukundireba ka danna wuraren da kake zargi. Idan ya nutse kamar cikin biredi, wannan allon ya ruɓe, mai ba zai tashe shi ba, sai dai a canza.

Jiƙa katakon, ka goge da ruwan omo da burushi mai ƙarfi, kana bin tsawon zaren itacen. Inda fumfuna ta yi baƙi ko kore, zuba bilic kofi ɗaya a ruwa kofi huɗu, ka shafa, ka bar shi minti 10, ka ɗauraye sosai. Kada ka yawaita, domin bilic yana raunana zaren katako, yana kuma sa ƙusa tsatsa. Kada ka taɓa haɗa shi da ruwan wankin bayi ko wani sinadari, haɗin yana fitar da iska mai guba.

Wasu suna aron injin wankin mota. Yana aiki, amma ƙarfin ruwansa yana iya yage fuskar katako mai laushi. Sa bakin da ke baza ruwa, ka ja baya kamar santimita 30, kada ka tsaya wuri ɗaya.

Mataki na 3: Tabbatar ya bushe

Bayan wanki ba shi aƙalla kwana biyu. Hannu ba ya gane bushewar katako, domin sama na iya bushewa ciki na jiƙe. A nan ne ƙaramar na'urar auna danshi take da amfani. Girmanta bai fi ƙaramar waya ba, da batir take aiki, ana samunta a Jumia da Konga da wasu shagunan kayan aiki.

Yadda take aiki abu ne mai sauƙi. Tana da allurai biyu da ake cakawa a katako, sai ta tura 'yar wutar lantarki tsakaninsu. Jiƙaƙƙen katako yana barin wuta ta wuce, busasshe yana tare ta. Daga nan take lissafa danshin ta nuna a fuskarta. Abin da kake nema shi ne kashi 15 ko ƙasa da haka. Auna wurare da yawa, har da gefen da ke inuwa da ƙasan ƙafafu. Manhajojin da ke cewa za su auna danshin katako da kyamarar waya kuwa, kada ka ɓata data a kansu, waya ba ta da abin auna wannan.

Idan ba ka da na'urar, manna 'yar farar leda a jikin katakon da salatif, ka rufe ko'ina, ka bar ta a rana na wasu awanni. In ka ga gumi a cikin ledar, da sauran ruwa.

Mataki na 4: Samfefa

Lambar da ke bayan samfefa tana nuna kaushinta, ƙaramar lamba ta fi kaushi. Fara da 60 ko 80 don cire tsohon banish da fuskar da rana ta ci, ka gama da 100 ko 120. Kada ka wuce haka a katakon waje, in ya yi santsi da yawa mai ba zai shiga ba. Idan wurin na da faɗi, injin gogewa na lantarki zai rage maka wahala.

Sa takunkumi, ka yi a fili. Tsohon fentin mai yana iya ƙunsar dalma, kuma mun ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Idan katakon na da tsohon fenti, jiƙa shi kafin ka kankare don kada ƙura ta tashi, yara kuma su yi nisa.

Bayan ka share ƙurar, ɗiga ruwa kaɗan a kai. In ya tsotse cikin minti ɗaya ko biyu, katako ya shirya. In ya tsaya kamar raɓa a kan ganye, da sauran tsohon mai.

Mataki na 5: Wane mai za ka saya?

Banish yana yin fata a saman katako. A cikin ɗaki yana da kyau, amma a waje katako na motsi, fatar ta tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya kasa fita. Abin da ya faru da teburina ke nan.

Man rini, wanda ake kira siten a shago, yana ratsawa cikin katako ne. Ba ya ɓarewa, sai dai ya koɗe a hankali, ka wanke ka ƙara. Zaɓi wanda aka rubuta na waje ne, mai launi, domin launin shi ke tare hasken UV. Mai haske garau ba ya kare katako daga rana sosai.

Maganin gara irin su Solignum shi ake fara shafawa, musamman a ƙafafu da ƙasa, a bar shi ya bushe. Karanta jikin gwangwanin, akwai nau'in da wani mai ba ya kamawa a kansa. Baƙin man inji da ake shafawa don araha yana ɗauke da guba, yana ɓata tufafi, ruwa kuma ya wanke shi cikin ƙasa. Bai dace da abin da mutane ke zama ko cin abinci a kai ba.

Mataki na 6: Shafawa

Fara da lissafi a waya. Daɓe mai mita 3 da mita 4 murabba'in mita 12 ne. Shafi biyu ya zama 24. Idan gwangwani ya ce lita ɗaya na rufe 8, lita 3 kake buƙata.

Juya man sosai, launin yakan kwanta a ƙasa. Gwada a ɓoyayyen wuri ka bari ya bushe, kada ka dogara da hoton da ka gani a waya, kowace fuskar waya da yadda take nuna launi. Shafa siriri, allo ɗaya daga farko zuwa ƙarshe kafin ka koma na gaba. Bayan kamar minti 15 goge rarar da tsumma, in ba haka ba zai yi danƙo ya kama ƙura. Bakin katako inda zarto ya yanka shi ya fi ko'ina shan ruwa, ka cika shi da mai har ya ƙoshi. A ƙarshe ɗora ƙafafun a kan bulo ko dutse, kada su taɓa ƙasa.

Gargaɗi mai muhimmanci: tsumman da ya sha man katako, musamman mai man linsid, yana iya kamawa da wuta da kansa idan aka dunƙule shi a kwana. Shimfiɗa shi a fili ya bushe, ko ka jefa shi a bokitin ruwa. Kada ka bar shi cikin kes kusa da janareto da wayoyin caji.

Bayan an gama

Ba shi kwana ɗaya zuwa biyu kafin ka ɗora kaya. Ɗauki hoton gwangwanin don ka tuna sunan man da launinsa, sannan ka sa tunatarwa a kalandar wayarka duk farkon Nuwamba. Ranar ka ɗiga ruwa a kai. In ya tsaya, bar shi sai baɗi. In ya tsotse, wanke ka ƙara shafi ɗaya. Sabon teburina haka na bi da shi, ya ci damina guda yana nan daram, a kansa ma na rubuta wannan darasi.